Kafin Ka Kama Igiyar Balami

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa mu yi magana a kan ƴan kuɗin nan da ka tara a cin rani, domin labari ya iso mini cewa ka ƙudura a ranka dabba za ka saya da su, kuma wallahi na ji daɗin haka. Yaron da ya dawo daga Agadas ko Kano da ɗan abin hannu, bai ƙarar da shi a sabuwar waya da takalmi ba, ya ce turke zai kafa a gidan ubansa, wannan yaro an yi masa tarbiyya. Abin da ya sa na kira ka shi ne na ji zuciyarka ta karkata ga ragon Balami, kana so ka ɗaure shi wata uku ko huɗu ka sayar da shi da Layya, mahaifiyarka kuwa tana cewa da kuɗin rago ɗaya gara ka kawo mata jajayen awaki biyu ko uku, har an ce maganar ta ɗan kawo sanyi tsakaninku. To, kada ka yi fushi da ita, kuma ni ma ba zan hana ka abin da kake so ba, sai dai ina so ka san irin dabbar da za ka kama igiyarta kafin dillali ya haɗa hannunku.

Balami dai ba a raina shi, kuma mu mutanen Dakoro mu ne na ƙarshe da za mu raina shi, domin a ƙasarmu yake tashi, daga wajen Sakabal har zuwa Azagor, kuma saboda shi ne fatake suke tako kimanin kilomita 120 daga Maradi su zo kasuwarmu. Fari ne fes, ga tsawo, ga faɗin ƙirji, ga kunnuwa zube, idan ya sami kulawa sai ya cika har mutum ya tsaya yana kallo. Babu akuyar da za ta kawo maka a rana ɗaya kuɗin da ƙosasshen Balami zai kawo, wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce maka ba haka ba ne bai san kasuwa ba. Amma ka lura da abin da na ce, a rana ɗaya. Aikin ragon turke guda ne, ya ci ya yi ƙiba a sayar da shi, kuma ranar da kasuwarsa take ci sosai guda ce a shekara. Ba ya ba ka nono, ba ya haihuwa a turkenka, kuma tun daga ranar da ka kawo shi har ranar da za ka rabu da shi, kai ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Kamar baƙon alfarma yake, wanda ya sauka a gidanka da alkawarin babbar kyauta ranar tafiyarsa, amma kafin ranar ta zo dole akushinsa ya cika safe da yamma ko da kai da iyalinka kun kwana da kunu.

Saboda haka tambayar farko da zan yi maka ba ta kuɗin saye ba ce, ta ciyarwa ce. Harawar wake dami nawa ka ɗora a kan rumfa bayan kaka? Ta gyaɗa fa? Dusar da zai ci kullum, daga turmin gidanku za ta fito ko daga kasuwa? Kana da abin sayen kanwa da maganin tsutsar ciki da kuɗin allura? Ruwan da zai sha, wa zai ɗebo masa, ka kuwa san zurfin rijiyoyinmu da layin da ake yi a bakin famfo idan rana ta take? Hausawa suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a kiwon turke wannan magana ba ta da gyara, domin wanda ya zuba dukan jarinsa a wuyan rago, bai rage komai na abincinsa ba, zai wayi gari wata biyu da saye yana cin bashin dusa, ragon kuwa ya tsaya cak, bai rame ba bai ƙaru ba, kuma rago mai tsayawa asara yake ci maka a ɓoye.

Akwai kuma wani abu da samari ba sa cika lissafawa, wanda mu da muka ga Layya ta zagaya shekara muka sani. Babbar Salla tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2009 da 2010 a watan Nuwamba aka yi ta, wato daidai bayan an kawar da amfanin gona, harawa tana ko'ina, ciyawa ba ta ƙare a daji ba, dabbobi sun fito daga damina da jikinsu. Waɗanda suke ba ka labarin ribar da suka ci a kiwon rago, da yawansu a irin waɗannan shekaru suka ci ta, kuma ba ƙarya suke yi maka ba, Allah ya sani. Amma a 2024 da 2025 a watan Yuni Layya ta faɗo, daga nan kuma baya take ƙara yi zuwa Mayu da Afrilu, saboda haka watannin da za ka ɗaure ragonka su ne na rani da bazara, lokacin da damin harawa yake tsadar da bai taɓa yi ba a shekara, lokacin da zafi yake hana dabba cin abinci, lokacin da makiyaya da kansu suke shigowa gari neman dusa. Mai rumbun harawa tun kaka shi ne zai ci ribar waɗannan shekaru. Mai saye kullum a kasuwa, sai dai ya yi wa mai harawa aiki.

Sannan kasuwar babban rago ba a hannunmu take ba. Mutumin ƙauye da zai yi Layya matsakaicin rago yake nema, ko ma taure, gwargwadon ƙarfinsa, manyan kuwa sai birane, Yamai da Maradi, da kuma Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Ka tuna yadda faɗuwar naira a 2016 ta karya farashin dabbobi a kasuwanninmu, domin fataken Najeriya sun zo da kuɗin da ba ya sayen abin da yake saye a da. Ka tuna Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023 har farkon 2024, sannan a watan Mayun 2025, ana saura ƴan makonni Layya, gwamnatinmu ta hana fitar da dabbobi waje domin su wadata a cikin gida. Ba ina kushe hukuma ba ne, kowace tana da dalilinta, kuma talakan birni da ya sami rago da sauƙi a shekarar ya yi addu'a. Abin da nake nuna maka shi ne duk waɗannan abubuwa an yanke su ne a inda ba a san da turkenka ba, kuma wanda dukiyarsa take jiran rana ɗaya, idan ranar ta zo da gardama, ba shi da wata sai baɗi. Ban ma yi maganar kumburin ciki ba, wanda yake iya kwantar da ƙosasshen rago tsakanin magariba da asuba idan an cika masa hatsi, ko karaya, ko ciwon ido da zai sa ya fita daga sahun dabbar da ta halatta a yi Layya da ita.

Yanzu mu juya ga akuyar mahaifiyarka. Jar akuyar Maradi ba ta da kwarjini, gajeriya ce, babu wanda zai taso daga wani gari domin ya kalle ta, amma ka zauna ka ƙirga abin da take yi a gida. Cikinta wata 5 ne, tagwaye a wurinta ba abin mamaki ba ne, kuma idan tana ƙoshi tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Tana ba da ɗan nonon da za a dama wa yaro fura. Kashinta taki ne a gonar da yashi ya cinye ƙarfinta. Tana cin abin da ta samu, ganyen magarya, ƴaƴan gawo, ɓawon wake, ruwan tsari. Abin da ya fi duka kuwa, kowace ranar kasuwa ranarta ce, domin idan yaro ya kwanta zazzaɓi, ko hatsi ya ƙare a rumbu ana tsakiyar noma, ko haihuwa ta zo ba shiri, ɗan akuya ɗaya za a ja zuwa kasuwa a dawo da biyan bukata, uwar tana nan a gida da wani cikin. Mai Balami ba zai iya yanko cinya ɗaya ya sayar ya bar saura ba.

Har fatarta tana da tarihi da ya kamata ka sani, domin kada ka riƙa ganinta kamar dabbar marasa ƙarfi. Fatar jar akuyar ƙasashen Sakkwato da Maradi ita ce majema suke jemawa da bagaruwa tun zamanin kakanni, ayari ya ɗauke ta daga Kano ya ratsa Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta da sunan Maroko ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Saboda darajar wannan iri ne aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maradi a 1963, domin a tsare shi kada ya gauraye ya ɓace, a kuma riƙa raba bunsurai ga ƙauyuka. Dabbar da hukuma ta gina wa gida tun ƙasar nan tana da shekara uku da samun ƴancin kai, ai ba abin rainawa ba ce.

Amma ba zan yi maka irin ta dillali ba, in yabi haja in ɓoye aibinta. Akuya ba ta fi kowa a komai ba. Nononta bai kai na saniya ba, namanta bai kai na rago kuɗi ba, kuma ba za ka taɓa wayar gari ka ga kuɗi masu kauri a hannunka lokaci ɗaya ta dalilinta ba, sai dai kaɗan-kaɗan, irin kuɗin da idan mutum ba shi da riƙo za su zube ta tsakanin yatsunsa bai san inda suka tafi ba. Ga ɓarna, domin da damina idan ba ka ɗaure ta ba sai ta haɗa ka faɗa da maƙwabcin da kuka yi shekara da shekaru kuna gaisawa. Ga annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zawo da majina, wadda take iya share garke a mako biyu idan an yi sakaci da rigakafi. Duk wanda ya zaɓi dabba mai aiki da yawa, to ya yarda tun farko cewa a kowane aiki matsakaici zai samu, kada kuma ranar jajibirin Salla ya ga abokinsa yana ƙirga kuɗin rago ya koma gida yana harar awakinsa.

Akwai wani gefe na maganar da na fi so ka riƙe, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Dabbar da ake cewa ta iya komai, a ƙasarta ta iya shi. Mu nan Dakoro a bakin iyaka muke zaune, kudu noma, arewa kiwo, kwarin Tarka a tsakani, kuma tun 1961 doka ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, ko da yake ka san yadda gonaki suka yi ta hawa tun daga lokacin. Jar akuyar da take sarauniya a Kornaka da Tasawa, inda akwai rumbu da dusa da inuwar gida, idan ka kai ta wajen Bermo ko Gadabeji ka ce ta bi garke yini guda zuwa rijiya, gajerun ƙafafunta ba za su kai ta ba, can sai doguwar akuyar Sahel mai dogayen ƙafafu, wadda mu a nan muke ganin ba ta da auki. Haka abin yake a shanu. Saniyar Azawak, wadda aka daɗe ana kyautata irinta a tashar Tukunus kusa da Filinge, tana da nono, tana da sanyin hali, namijinta yana jan garma da amalanke, shi ya sa mazaunin gari yake sonta. Jar saniyar Bororo mai dogayen ƙaho kuwa, idan ka ɗaure ta a gida sai ka ce ba ta da amfani, nono kaɗan, ga ƙyuya, ba ta yarda da baƙon hannu. Amma je ka tambayi Bafillacen da yake tashi da garkensa daga arewacin Tarka ya gangara kudu da rani ya komo da damina, zai gaya maka ita ce abincinsa, ita ce sadakinsa, ita ce take jure tafiyar da wata saniya za ta faɗi a hanya, kuma ita ce take jin muryarsa ta bi shi ba tare da igiya ba. Saboda haka kafin ka tambayi wace dabba ce ta fi, fara tambayar kanka a ina za ta kwana, me za ta ci a watan Afrilu, kuma wa zai tsaya a kanta ranar da ka koma cin rani.

Makiyayan nan da wasu suke gani kamar ba su yi boko ba, sun riga mu gane wannan lissafi, shi ya sa da wuya ka ga mai hankali a cikinsu da iri ɗaya tak. Zai haɗa shanu da tumaki da awaki, da jaki na ɗaukar ruwa, wani ma da raƙumi, domin shekarar da ciyawa ta ƙi, mai cin ganyen itace zai rayu. Farin 1973 da na 1984 sun kwashe shanu ba adadi a ƙasar nan, kuma gidaje da yawa da ƙananan dabbobi suka sake tashi, domin akuya tana haihuwa tun saniya ba ta gama ɗaukar ciki ɗaya ba. A 2010 ma mun ga yadda dabbobin da yunwa ta riga ta karya suka yi ta faɗuwa a arewacinmu har bayan saukar ruwan farko. Ba na son tuna waɗannan shekaru, Allah kada ya maimaita mana, amma wanda ya gan su ba ya ɗora dukan abin da ya mallaka a kan kai ɗaya.

Ke kuma ƴar'uwata, da nake jin kina saurare daga bayan zana, maganar nan har da ke, domin a gidajenmu awaki dukiyar mata ce tun asali. Tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, mata nawa ne suka ɗauki rabonsu na asusu suka sayi akuya ɗaya, ta zama biyar, har aka yi wa ɗiya kayan ɗaki da ita? Idan kuma kin ga wata ta ɗaure rago tana samun riba, duba da kyau, galibi za ki tarar mai sana'ar fura ce ko mai ƙosai ko mai surfe, wadda dusa da ruwan tsari suke fita daga hannunta kullum ba da kuɗi ba, saboda haka ragon nata ragowar sana'arta yake ci. Idan ke ma kina da irin wannan, Bismillah, ɗaure naki. Idan babu, kada kishi ya sa ki kama abin da zai cinye miki jari. Kuma idan Allah ya yawaita miki, ki tuna da al'adar habbanaye da muka koya wurin Fulani, a ba wa wanda ba shi da komai aron uwa ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da ita, domin da ragon turke ba a iya yin wannan alheri.

Ɗana, bari in taɓa inda zai ɗan yi maka zafi, ka yi haƙuri da kawunka. Ina zaton rabin son da kake yi wa Balami ba na riba ba ne, na ido ne. Kana so a wuce ƙofar gidanku a ga farin rago ya cika turke a tambaya na wane ne, kana so ranar kasuwa ka ja shi a tsakiyar samari ana yi maka barka. Wannan ba laifi ba ne, kowa ya yi ƙuruciya, kuma son a san mutum da abin kirki yana cikin abin da yake tashin saurayi da asuba. Sai dai masu yi maka barka ba za su kawo maka ko tiya ɗaya ta dusa ba, kuma idan ragon ya kwanta su ne za su fara cewa dama sun san ba za ka iya ba. Kiwon awaki ba shi da masu kallo, shi ya sa yake koya wa mutum haƙuri da lura, ka san wadda ta ƙi cin abinci tun kafin ta kwanta, ka san wadda ta kusa haihuwa, ka saba da zuwa wurin malamin dabbobi, ka san dillalin da yake da amana da wanda ba shi da ita. Idan ka yi kuskure a kan ɗan akuya, kuskuren ƙarami ne, za ka tashi. Hannun da ya koyi kiwo a kan ƙaramar dabba shi ne yake iya riƙe babba daga baya.

Kada kuma ka ɗauka ina so ka dawwama a kan awaki uku har tsufa saboda tsoro, domin wannan ma wata irin asara ce, kuma na san mutanen da Allah ya ba su hali da sani amma suka ƙi matsawa gaba. Masu kiwon Balami na gaskiya suna nan a garin nan, sana'arsu ke nan, sun san irin da suke nema tun yana ɗan wata shida, suna da gonar wake domin harawa kawai, suna ɗaure biyar ko goma ta yadda idan ɗaya ya faɗi sauran za su rufe, kuma tun kafin Salla da wata guda sun san wanda zai saya. Irin waɗannan, dabba mai aiki ɗaya ita ce daidai da su, domin sauran ayyukan akwai masu yi musu. Ranar da awakinka suka kai inda za ka sayar da ƴaƴansu ka sayi rago ba tare da ka taɓa uwayen ba, ranar da rumfarka ta cika da harawar gonarka, to ranar ni da kaina zan raka ka Sakabal mu zaɓo.

A bana dai ga abin da nake ganin za ka yi. Ka raba kuɗin uku, kashi biyu na sayen awaki, kashi ɗaya ka ba mahaifiyarka ta ɓoye domin abinci da magani, kuma kada ka taɓa shi ko da an yi maka tayin araha. Idan mun shiga kasuwa kada ka nuna wa mai dabba wadda ranka ya kwanta da ita. Ka buɗe bakinta ka duba haƙora, wadda ta fitar da manya biyu ko huɗu ita ce a kan ganiyarta, wadda haƙoranta suka cinye kuwa ta gama yi wa wani aiki. Ka duba ido da hanci kada a sami ruwa, ka ɗaga wutsiya ka ga ko akwai alamar zawo, ka shafa hantsa ka tabbata nonuwan biyu lafiya suke ba ƙulli, ka sa a ja ta ta yi tafiya a gabanka. Ka tambayi garin da ta fito da yawan haihuwarta, kuma ka tambaya a gaban dillalin da ya san mai ita. Idan kun kawo su gida, a ware su daga sauran dabbobi na mako biyu, a ba su maganin tsutsa, kuma idan masu allurar rigakafi sun zo unguwa kada a ce ba ka nan.